Jan Ɗigo a Ƙarƙashin Layi

Littafin rajista ya ce mutum sittin ne suka zauna gaban na'urar suka yi karatu. Na'urar kuwa cewa ta yi sittin da tara.

Ranar Litinin bayan azahar Najeeba Suhaib ta kawo wa Farfesa Millicent Noah wannan magana. Ɗalibarta ce mai neman digiri na biyu, ita ke riƙe da rajistar. Ta tsaya a bakin tebur rungume da littafin, ta ƙi zama.

"Mama, sau huɗu na ƙirga."

"Ƙirga na biyar."

"Ba ƙirgar ba ce, Mama. Ranar Laraba muka sallami mutum na sittin, ba mu ƙara kiran kowa ba. Ranar Juma'a na duba na ga sittin da takwas, na ce ko idona ne. Yau sittin da tara. Ƙaruwa suke yi."

Farfesa ta cire tabarau ta goge shi da bakin mayafi. Zuciyarta ta riga ta je ranar Alhamis. Ranar ce kwamitin jami'a zai zo duba bayananta, kafin a ba ta damar gabatar da laccar da kowane farfesa ke yi sau ɗaya a rayuwarsa. Za su ɗora rajista kusa da na'ura su ƙirga. In lambobin ba su haɗu ba, kalma ɗaya za a faɗa: ƙirƙira. Laccar ta tafi, ɗakin binciken ya tafi, sunanta ya bi su.

Shekara ashirin da shida ke nan 'yar Kaltungon nan tana bin tambaya guda: me ido ke yi sa'ad da mutum ke karatu? Da ta fara ba ta da na'ura. Madubi ta jingina a tebur, ta aro kyamarar ɗaukar biki, tana tsayar da faifan tana ƙirga motsin ido ɗaya bayan ɗaya har nata idanun su yi ja. Abokan aikinta na sashen nazarin halayyar ɗan'adam sun yi dariya har suka gaji. An hana ta ofis, ta yi aiki a baranda. An ce ta koma binciken da za a gane, ta ce su ne za su koyi ganewa. Da ta samu na'urar, a cinya ta rungumo ta tun daga Abuja, ta hana yaran mota taɓawa. Da ita ta nuna cewa wanda ya fara karatu da ajami da wanda ya fara da boko ba wuri ɗaya idonsu ke leƙawa ba. Da ita ta gano cewa kwalli na ruɗa kyamarar ta ɗauka shi ne baƙin ido, har ya zama doka a ɗakin: kowace mace sai ta wanke fuska kafin ta zauna, ko matar wane ce.

Tana da wata dokar. Mai duba bayanai ba ya ganin sunan mai karatu. Lamba kawai. Sunayen na cikin rajista, lambobin na cikin na'ura, don kada a ce ai wannan malamin makaranta ne a sassauta masa.

"Duba lokacin da aka ɗauke su," in ji ta.

"Agogon kwamfutar ya mutu tun bara, Mama. Kullum ɗaya ga Janairu yake nunawa."

"To buɗe mini ɗaya."

Suka shiga ɗakin binciken. Ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, an like tagoginsa da baƙin yadi saboda hasken rana na damun kyamarar. Akwai kujera guda, da matokarin haɓa, da allon da mai karatu ke kallo. Bayan labule kuma akwai wani allon, na mai bincike, inda ake ganin shafin da jan ɗigo a kai. Inda ɗigon ya tsaya, nan idon mai karatu ya tsaya.

Najeeba, da ke da sunayen a rajista, ta fara buɗe na wata tela daga unguwar Jekadafari. Ɗigon ya yi abin da Farfesa ta saba gani tun tana budurwa. Ido ba ya zamewa a kan layi yadda mutane ke zato. Tsalle yake yi ya dira kan kalma, ya ɗan tsaya, ya sake tsalle, ya haye ƙananan kalmomi, wani sa'in ya yi tuntuɓe ya koma baya.

Sai ta buɗe lamba ta sittin da tara.

Ɗigon ya fito a farkon shafi, amma bai hau kalmar farko ba. Ƙarƙashinta ya sauka, cikin farin da ke tsakanin layi da layi, inda babu ko ɗigon tawada. Nan ya tsaya. Ya yi tsalle, ya sake dira cikin fari. Haka ya bi ƙarƙashin jimlar har ƙarshe, a natse, da irin takun wanda ya ƙware da karatu, bai taɓa harafi ko ɗaya ba. Bai yi tuntuɓe ba. Bai koma baya ba ko sau ɗaya, a jimla arba'in.

"Tambayoyin fa?" Bayan kowace jimla biyar na'urar kan yi tambaya, mai karatu ya danna e ko a'a.

"Duka daidai, Mama. A duka taran."

Farfesa ta matso da fuskarta har numfashinta na taɓa allon. Ta ji tsikar jikinta ta tashi, abin da ya ba ta haushi.

"Wannan ba ya ganin shafin," in ji ta. "Ko wane ne, ba karatu yake yi ba. Idon mai rai in yana karatu sai ya yi kuskure."

"Idon mai rai," Najeeba ta maimaita a hankali. Ta waiwaya ta dubi kujerar da ba kowa a kai, ta yi wata addu'a ƙasa-ƙasa.

"Ke, rufe mini baki. Digirin kimiyya kika zo yi ko duba? Mutum ne. Mutum mai makulli."

Ta ma san wanda take zargi. Da yamma suka yi kiciɓis a baranda da Farfesa Dalhatu, shugaban tsangayarsu, wanda shi zai jagoranci kwamitin. Shekara uku yana neman ɗakin nan don ya ajiye kabad ɗin takardun jarrabawa.

"Uwar idanu! Ana nan ana leƙen mutane?"

"Ana nan, ranka ya daɗe. Ka zo in leƙa naka, mu ga ko kana karanta takardun da kake sa wa hannu."

Ya yi dariya har da tafi. "Alhamis dai, Madam. A shirya mana lissafi tsaf. Kin san ni da ƙirga."

"Na san ka da komai."

Ta tambayi maigadi, ya rantse ba ya barin kowa ya hau benen bayan an tashi. Ita kuma ta san ba wanda ke riga ta isowa. Kullum ƙarfe bakwai take sauka daga keke mai ƙafa uku, tun da ta daina tuƙi wata shida da suka wuce, wai hanyar Tumfure ta cika 'yan ganganci. Ta buɗe ɗakin, ta kunna na'urar, ta zauna ta gwada ta a kanta kafin kowa ya zo. Gwaji ne na minti goma da ba a ajiyewa, kamar mai shayi ya ɗanɗana kafin ya zuba wa mutane. Shekara goma sha ɗaya tana yin sa, ba ta taɓa tarar da ko kujera a karkace ba. In akwai mai shigowa, to tsakanin tafiyar maigadin dare da isowarta ne.

"Gobe ƙarfe shida," ta ce wa Najeeba. "Mu zauna mu jira shi."

Talata ta waye da hadari. Daga Tumfure har cikin gari masara ta yi tsayi tsakanin sababbin gidaje, iska na kaɗa ta gefe ɗaya. Farfesa ta zauna a bayan keke tana kallon hanya. Allunan shaguna duk sun dusashe bana, in ji ta a ranta, masu fenti sun daina aikin kirki. Takardun ofis ma haka, shi ya sa take sa Najeeba ta karanta mata su tana wani aikin. A coci kuma ba ta buƙatar littafin waƙa, wace waƙa ce ba ta sani ba?

Ta tarar da Najeeba a ƙofar ɗakin, ta ƙi shiga ita kaɗai. Suka shiga tare, suka zauna bayan labule, ba su kunna fitila ba. Ruwa ya sauko a kan kwano. Ba a jin komai sai shi, da ƙarar wata ƙofa can ƙasa da iska ke buɗewa tana rufewa. Duk sa'ad da ta buga, Najeeba sai ta zabura.

Shida da rabi. Bakwai saura kwata. Ba wanda ya taɓa ƙofa.

"Ya ji labari," in ji Farfesa. Ta miƙe tana gyara zani. "Kunna mini na'urar in gwada ta, kada mu yi asarar safiya."

"Gwada ta kamar yaya, Mama?"

"Kamar kullum. Ke dai kunna."

Ta zagaya labulen ta zauna, ta ɗora haɓa a matokari. Jimlar farko ta fito. Ita ta rubuta jimlolin nan arba'in da hannunta, a shekarar da na'urar ta zo. Ta shiga karatu a zuci, hankali kwance, ta danna amsar farko, ta wuce.

"Mama."

Ta ci gaba da karatu. Ba a magana da haɓa a matokari.

"Mama, ga shi nan."

"Wa?"

"Mai karatun. Yana karantawa yanzu." Muryar Najeeba ta zama siririya. "Na'urar ta ba shi lamba saba'in."

Farfesa ta ɗago kai da sauri ta dubi ƙofa. A rufe take. Ta dubi kusurwoyin ɗakin. Babu kowa sai ita, a kan kujerar.

"Da kika ɗago, ya ɓace," in ji Najeeba.

Ruwan ya ci gaba da dukan kwano. Farfesa ta ji sanyin ƙarfen matokarin a tafin hannunta.

"Gwajina ba ya ajiyuwa."

Najeeba ta fito daga bayan labule. "Yana ajiyuwa yanzu. Ranar da aka yi tsawar nan wuta ta ɗauke, muka rasa karatun mutum uku. Na ji tsoron faɗa miki. Na sake kiransu a ɓoye, na kuma saita na'urar ta riƙa ajiye duk abin da ta gani ta ba shi lamba. Mako biyu ke nan. Wallahi ban san kina zama a nan da safe ba."

"Kyamarar ce ta goce."

"Da ta goce, da na telar ma ya goce."

Farfesa ta saki matokarin. Da ɗalibi ne ya kawo mata wannan uzuri, da ta kore shi. Ta san gwajin da ya kamata a yi, kuma ba wanda zai umarta a yi shi sai ita.

"Koma. Sauya kalmomi a jimla ta bakwai. Kada ki gaya mini waɗanne."

Ta ji ƙarar maɓallai. Ta mayar da haɓarta. Jimlar ta fito, ta karya dokar hana magana ta karanta da ƙarfi, da muryar da take koyarwa da ita:

"Falmata ta sayi manja a kasuwa, ta dawo gida kafin la'asar."

Najeeba ta leƙo daga bayan labule.

"To?"

"Mama, babu Falmata a wurin. Babu manja. Na rubuta, Joan ta kai yara asibiti, ta dawo gida kafin la'asar."

Farfesa ta tilasta wa idonta ya hau kan kalmar farko, tsakiyarta, yadda ta koya wa ɗalibai cewa ido ke yi. Babu kalma a wurin. Ba baƙi ta gani ba, ba kuma duhu ba. Wani abu ne toka-toka kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi, kuma duk inda ta kai ido yana can ya riga ta. Ta sauke kallonta ƙasa kaɗan, cikin farin. Sai ga kalmar ta leƙo daga sama, a dushe, kamar mutum tsaye a hazo. Joan. Ta ɗaga ido don ta kama ta, ta ɓace.

Ashe idanunta sun daɗe da sanin wannan. Su suka nemo wa kansu hanya ta ƙarƙashin layi, suna tsintar tsawon kalma da inuwarta, ƙwaƙwalwarta na cike sauran daga abin da ta haddace, ba wanda ya shawarce ta. Ta san sunan ciwon, ta koyar da shi a aji. Tsakiyar gani ce ke mutuwa, gefe ya rage. Ta san kuma ba tabarau ke gyara shi ba.

Ba ta yi kuka ba. Najeeba ce ta yi, ta durƙusa kusa da kujerar.

"Mama, mu goge su. Gwaji ne, ba bincike ba ne, ba ƙarya muka yi ba. In goge goman nan, in sake jera lambobin daga ɗaya zuwa sittin. Minti biyar. Ba wanda zai sani."

"Sai ke."

"Ni ba zan faɗa ba har in mutu. In Farfesa Dalhatu ya ji, cewa zai yi mai binciken karatu ba ta iya karatu. A taron majalisa zai faɗa, yana dariya. Za su ce ki huta."

"Za su ce."

"To don me?"

Farfesa ta lalubi kan yarinyar ta dafa. Ta yi tunanin laccar, shafi talatin da biyu, da rigar da ta riga ta kai ɗinki, da 'yan'uwanta da za su cika mota daga Kaltungo. Za ta iya haddace laccar. Za ta iya tsayawa da takarda a hannu tana juya shafi, ɗakin taro cike, ba mai ganewa. Ai wata shida ta yi tana yi wa kanta haka ba ta gane ba. Wannan tunanin ne ya fi tsorata ta, fiye da tabon.

"Tun ina ƙirga da madubi ban taɓa sauya lamba ba," in ji ta. "Mutanen nan sun ce aikina wasa ne, sun ce ɓata lokaci ne, amma ba wanda ya taɓa iya cewa ƙarya ne. Ba zan ba su wannan da hannuna ba. Kuma jiya a gabanki na ce mai idon nan ba ya ganin shafin. Na yi kuskure?"

"A'a, Mama."

"To na'urata ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Tashi ki share fuska. Kawo rajista."

Najeeba ta buɗe mata shafin, ta ɗora bakin biro a farkon layi na sittin da ɗaya. Farfesa ta kau da idonta ƙasa har layin ya bayyana, ta rubuta sunanta, da shekarunta, da harshen da ta fara karatu da shi, ta sa hannu. Ta sake a layi na gaba. Sau goma. Rubutun ya hau ya sauka, wani ya shiga cikin wani. Ba ta ce a gyara ba.

"Lamba saba'in ki sa shi a farkon laccar, babba, yadda na bayan ɗaki za su ga ɗigon. Shafukan kuma ki karanta su ki naɗa mini a waya in saurara. Ranar ba zan riƙe takarda ba. Sannan ki nemo mini layin likitan ido."

Ranar Alhamis ƙarfe goma kwamitin ya iso, mutum uku, Farfesa Dalhatu a gaba da babbar riga. Ɗakin ya yi musu kaɗan. Ya karɓi rajistar ya lashi yatsa, yana bi layi-layi, ɗaya daga cikinsu na ƙirga lambobin na'ura.

"Saba'in."

"Nan ma saba'in," in ji shi, da muryar wanda aka hana abu. Sai yatsansa ya tsaya. "Madam, wannan sunanki ne. Sau goma."

"Nawa ne. Goman ba sa cikin sakamako, na rubuta dalili a shafi na gaba. Najeeba, nuna musu."

Suka taru bayan labule. Jan ɗigon ya fito, ya sauka cikin fari, ya kama tafiyarsa ƙarƙashin kalmomi. Farfesa ta yi musu bayani a tsaye, da sunan ciwon da abin da ya rage mata, kamar tana magana a kan idon wata mata daga unguwar Bolari. Da ta gama, na ukunsu, wata dattijuwa daga sashen lissafi, ta ja rajistar gabanta ta sa hannu a ƙasa ba ta tambayi kowa ba. Na biyun ya bi ta.

Biron ya iso hannun Farfesa Dalhatu. Ya juya shi, ya gyara hula.

"To amma, Madam, tsakani da Allah, a haka za ki tsaya gaban jama'a? Yanzu ni ɗin nan kina ganina?"

Farfesa Millicent ta juyo gare shi. Ta kai ido kan fuskarsa, fuskar ta narke ta bar hula da wuyan riga. Sai ta zame da kallonta gefe, bisa kafaɗarsa ta hagu, wajen kusurwar da baƙin yadi ya rufe. Nan ya fito mata sarai, da gumi a goshi. Ta kafe idonta a wurin ba ta ƙifta ba.

"Ina ganinka sosai, ranka ya daɗe."

Dalhatu ya waiwaya da sauri ya dubi bayansa. Babu kowa a kusurwar. Ya juyo, tana nan yadda take, tana kallon wurin tana murmushi. Ya matsa taku ɗaya daga bangon, ya sunkuya ya sa hannu.